Harbin Takarda a Texas

Ranar da na gaya wa Yayana abin da nake yi da safiyar Asabar, shiru ya yi a waya har na ɗauka layin ne ya katse. Can sai ya ce, "Kai Auta, ƙasar mutane za ka je ka zama ɗan bindiga?" Na yi dariya, shi bai yi ba. Ban kuma ga laifinsa ba. Mutumin da ke zaune a Gusau, wanda ba ya fita gonarsa ta bayan gari sai ya tambayi labarin hanya, in ya ji an ambaci bindiga gabansa ne kawai ke faɗuwa. Da muna yara 'yan bindiga mutanen sarki ne, masu ɗura albarushi a bindigar toka ranar hawan salla su harba sama, dawakai su zabura, mu kuma mu toshe kunnuwa muna shewa. Yau sunan ya koma daji. Ni kuwa ga ni a birnin Houston ina biyan kuɗi don in huda takarda. Bayanin da na kasa yi wa Yaya a waya shi zan yi a nan.

Wanda ya ja ni wani dattijon Bature ne da muke aiki tare, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ka ga haƙoransa to ko dai jikarsa ce ta kira shi ko ana hirar bindiga. Shekara guda yana gayyatata ina kawo uzuri. A ƙarshen 2019 uzuri ya ƙare, na bi shi.

Na zaci wani fili zan tarar a bayan gari, cike da ƙarti masu muzurai. Sai ga mu a wani gini tsakanin shagon tayoyi da gidan abinci. Gabansa kanti ne, bindigogi jere cikin gilashi kamar wayoyin hannu a kasuwar waya. Bayan ƙofofi biyu masu nauyi kuma akwai dogon ɗaki da aka yanyanka layi-layi, kowane layi da ɗan kantarsa da waya a sama. Kana maƙala takardarka a jikin wayar, ka danna maɓalli, ta tafi yadi 7 ko 15 ko 25, yadda ƙarfin halinka ya kai. A ƙarshen ɗakin akwai tudun roba da aka daddatsa mai haɗiye harsashi, ga manyan fankoki suna tura iska gaba don kada mutane su shaƙi hayaƙin dalma. Waɗanda na tarar a ciki su ne suka fi ba ni mamaki: ma'aikatan jinya mata biyu da ko kayan aiki ba su cire ba, wani tsoho yana koya wa jikansa, da wasu mata da miji suna gardamar wanda ya fi.

Ƙarar ba a kunne take tsayawa ba, a ƙirji kake jin ta. Harbin ƙaramar bindiga yakan kai wajen desibel 160, alhali daga 140 ƙara guda tak tana iya lahanta ji. Shi ya sa dattijon ya sa na cusa soso a kunne, na kuma ɗora babban abin toshe kunne a kai, sannan tabarau saboda kwanson harsashi mai zafi da ke tsalle.

Kafin ya bar ni in taɓa komai sai da ya sa na haddace ƙa'idoji huɗu, waɗanda ake dangantawa da Jeff Cooper, wani tsohon laftanar-kanar na sojan Amurka da ya kafa makarantar harbi a Arizona a 1976. Ka ɗauka kowace bindiga da harsashi a cikinta, ko da kai ka zazzage ta da hannunka. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ka hallaka ba. Ɗan yatsanka kada ya kusanci kunama sai saitinka ya hau kan abin da za ka harba. Kuma ka san abin da kake harbi, ka san abin da ke bayansa. Hikimar tsarin, in ji shi, ita ce sai ka karya biyu a lokaci guda kafin a yi gawa. Wanda ya juyo da bindiga a hannu don ya yi wa abokinsa magana, mai kula da ɗakin ba ya yi masa gargaɗi na biyu.

Ya fara ni da wata Ruger mai ƙaramin harsashi da ake kira .22, wadda shurinta bai fi a ɗan taɓa maka hannu ba. Na ji daɗinta, kaina ya fara kumbura. Sai ya miƙo mai harsashin milimita 9. Harbi goma na yi a yadi 7, tazarar da ba ta fi tsawon zaure da soro ba. Bakwai suka taru a ƙasa ta hagu, uku ko takardar ba su gani ba. Na ce masa saitin bindigar nan ya karkace. Bai ce uffan ba. Ya karɓa ya harba biyar, duk suka shige wuri ɗaya da bai fi bakin kofin shayi ba, ya miƙo mini ya ce, "Ga ta, yanzu ta gyaru."

Mai karatu zai tambaya yadda aka yi ƙasa ta yarda a buɗe irin wannan wuri kusa da gidan abinci. Tushen abin jimla ɗaya ce a tsarin mulkin Amurka, gyara na biyu da aka amince da shi a 1791, wanda ya ambaci buƙatar rundunar sa-kai sannan ya ce ba za a tauye wa jama'a haƙƙin mallakar makami ba. Fiye da shekara 200 ana jayayya ko haƙƙin na rundunar ne ko na kowane mutum. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, a shari'ar wani mai gadi Dick Heller da birnin Washington wanda ya haramta ƙananan bindigogi, cewa haƙƙin na mutum ne a gidansa. A 2022 ta ƙara da cewa ya shafi fita da ita waje. Jihar Texas ma ba ta jira ba, tun Satumbar 2021 ta soke wajabcin lasisin yawo da fistol. Wata cibiyar bincike a Geneva mai suna Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindigogi miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Ba kowa ke da ita ba, gidaje da dama ko ɗaya babu. Masu sha'awar ne ke tarawa, kamar yadda mai kiwon tattabaru ba ya tsayawa a guda biyu.

Wata uku na yi ina hayar bindiga a wurin kafin in sayi tawa, kuma wannan ita ce shawara mafi amfani da dattijon ya ba ni, don bindiga kamar takalmi ce, wadda ta zauna a hannun wani ba lallai ta zauna a naka ba. Ƙananan bindigogi gida biyu ne. Akwai libarba, mai tulu a tsakiya da ke juyawa da harsashi biyar ko shida, wadda Samuel Colt ya yi wa rajista a Amurka a 1836, ita ce ta fina-finan kaboyi. Akwai kuma fistol mai gidan harsashi a cikin mariƙi. Yadda take aiki abin sha'awa ne ga duk mai son inji. In ka ja kunama wata allura ce ke dukan gindin harsashi, albarushin ciki ya kama, iskar ƙunar ta tunkuɗa kan dalmar ta bututu. Ƙarfin da ya tura harsashi gaba shi ke tura murfin sama baya, ya cillar da kwanson da ya ƙone, sifirin ya dawo da murfin, a hanyarsa ya ɗauko sabon harsashi ya cusa. Duk wannan kafin ka ƙifta ido. Ja ɗaya, harbi ɗaya. Wadda ke zazzaga wuta in ka danne kunama wannan wata aba ce daban, kuma mayar da fistol ta zama haka laifi ne mai kai mutum kurkukun tarayya.

A cikin masu fistol ɗin ma akwai ɗariƙu, gardamarsu kuwa ba ta da maraba da ta 'yan Madrid da Barcelona a teburin mai shayi. Tsofaffi irin abokina sun yi mubaya'a ga wadda ake kira 1911, ƙirar John Browning, ƙarfe zalla, mai ƙaton harsashi .45, wadda sojan Amurka suka riƙe daga 1911 har 1985. Suna taɓa ta kamar yadda mahayi ke shafa wuyan doki. Ɗaya ɓangaren mutanen Glock ne. Gaston Glock ɗan ƙasar Ostiriya ne da ke ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, bai taɓa ƙera bindiga ba, sai ya fito da wata mai gangar jikin roba mai ƙarfi da ke cin harsashi 17, sojan ƙasarsa suka karɓe ta a farkon shekarun 1980. Da farko dariya aka yi mata, ana cewa kayan wasan yara ce. Kafin ya rasu a Disambar 2023 yana da shekara 94, ta riga ta zama bindigar da 'yan sandan Amurka suka fi ratayawa. Ba ta da kyan gani, kamar bulo take, amma ba ta da rigima. Ƙanwarta na zaɓa, Glock 19 mai cin 15, a kan dala 500 da 'yan kai.

Sayen kansa bai kai sayen mota wahala ba, kuma wannan har yau yana ɗan tsaya mini a rai. Dokar tarayya ta 1968 ta hana dillali mai lasisi sayar da ƙaramar bindiga ga wanda bai kai shekara 21 ba. Baƙo mai katin zama na dindindin yana iya saye, amma ɗalibi ko mai bizar ziyara ba ya iyawa sai a 'yan wasu halaye, kamar in yana da lasisin farauta. Za a ba ka fom mai lamba 4473 ka amsa tambayoyi: ko an taɓa ɗaure ka kan babban laifi, ko kana ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, ko kotu ta taɓa kama ka da dukan iyali, ko kai ne ainihin mai sayen ba wani ya aiko ka ba. Ƙarya a kan wannan takarda laifi ne mai zaman kansa. Sai mai kanti ya tura sunanka ga tsarin binciken hukumar FBI da aka fara a 1998, amsa ta dawo a ɗaya daga uku: a ba shi, a dakata, ko a hana shi. Tawa ta dawo kafin in gama zaɓar jakar da zan saka ta. A California da sai na jira kwana 10. A Texas kuwa in maƙwabcinka ne zai sayar maka da tasa, ko binciken ma doka ba ta tilasta ba.

Ban yi wata biyu da saye ba annobar korona ta sauka. Mutane suka firgita suka yi wa kantunan bindiga tsinke, a 2020 kaɗai FBI ta yi bincike kusan miliyan 40. Harsashi ya yi ɓatan dabo. Kwalin 50 da nake saye ƙasa da dala 15 ya ninka har ya wuce, in ma ka samu. A nan na gane cewa bindiga ita ce mai araha a wannan sha'ani, ciyar da ita ne aiki, kamar doki.

To, a lokacin da babu harsashin harbawa ne cutar ta kama ni, cutar da kusan duk wanda ya shiga harkar sai ta taɓa shi: kwalliya. Dare ya yi, kana kwance da waya, kana kallon yadda wani ya mayar da bindigarsa amarya. Kasuwar kayan ƙari a Amurka babba ce, kuma kowane ɗan ƙarfe da alkawarin da yake ɗauke da shi. Na fara da saiti. Na cire na roba da ya zo da ita na sa na ƙarfe mai ƙyalli a duhu, wannan kam ban yi nadama ba. Sai na ji ana cewa zamani ya wuce nan, yanzu ɗigon ja ake yayi: wani ɗan gilashi da ake ɗaurawa a saman murfi, ka leƙa ka ga ɗigon haske ja, inda ya sauka nan harsashi zai je. Na kai wa maƙerin bindiga ya fafe saman murfin, na sayi gilashin, kuɗin biyun ya kusa na bindigar. Sai kunama. Ta asali tana buƙatar nauyin kilo biyu da rabi kafin ta saki, na sayo wata mai laushi. Na ƙara da tocila a ƙarƙashin bututu, da mariƙi mai kaushi don gumi, da sifirin mai sauƙi da wani a intanet ya rantse zai rage shuri. Ranar da uwargida ta ga takardar banki ta tambaye ni ko bindiga ta biyu na saya. Na ce a'a. Ta ce to gara ma a ce ta biyun ce, aƙalla da an ga abin da aka saya.

Da harsashi ya dawo kasuwa na ɗauki amaryata na nufi ɗakin harbi ina taƙama. Abu biyu suka faru. Na farko, bindigar da ba ta taɓa yi mini gardama ba ta fara sarƙewa, kwanso ya maƙale a murfi kusan kowane gida, don sifirin da na sa bai dace da harsashin da nake amfani da shi ba. Injiniyoyin da suka ƙera ta sun auna kowane ƙarfe da ɗan'uwansa, ni kuma na zo da sukundireba da bidiyon minti goma na ɓata musu lissafi. Na biyu ya fi ciwo. Harbin da ya fita duk ya tafi inda ya saba tafiya, ƙasa ta hagu. Na kashe kusan dala dubu, na sayi ramukan da nake da su tun ranar farko.

Dattijon ya bari sai da na gama huci. Sannan ya karɓi gidan harsashina ya juya mini baya ya cika shi, ya miƙo ya ce in harba a hankali. Na farko ya tashi, na biyu ya tashi. A na uku na ja kunama sai na ji ƙyas, babu ƙara, amma da idona na ga bakin bindigar ya yi sujada ƙasa. Ashe harsashin roba ya cusa a tsakiya, wanda ba ya tashi. Ba shuri, ba ƙara, ba abin da ya motsa bindigar sai ni. Ya ce, "Ka gani? Tsoron ƙarar kake, kana tura ta ƙasa kafin ta tashi. Wannan ba a sayar da maganinsa a kanti." Laifi tudu ne. Duk mai harbi da hannun dama da ke da wannan ɗabi'a, a ƙasa ta hagu harsashinsa ke taruwa, bahago kuma ƙasa ta dama. Malaman harbi suna karanta takardar mutum kamar yadda likita ke karanta hoton ƙirji.

Maganin ba ya cin ko sisi. Ka zazzage bindiga, ka duba sau biyu, ka kai harsashi wani ɗaki daban ka rufe, ka fuskanci bangon da babu kowa a bayansa. Ka ɗora kwabo a kan bututu, ka ja kunama sannu a hankali har ta saki ba tare da kwabon ya faɗi ba. Minti goma kullum bayan sallar isha. Makon farko kwabon ya fi zama a ƙasa. Abin da ake koyo shi ne ɗan yatsa guda ya motsa alhali sauran tara suna barci, kuma jiki bai saba da haka ba, don duk abin da hannu ya kama da yatsu biyar yake matse shi. Ana koyon inda ido zai tsaya, a kan saitin gaba ba a kan takardar ba, ko da takardar ta yi dishi-dishi. Ana koyon sakin rabin numfashi a tsaya. Bayan wata huɗu ramukana suka fara hawowa tsakiya. Na mayar da sifirin na asali da kunamar asali, na bar ɗigon ja kawai, shi ma don idona ya fara gajiya ne. Na kuma sayi .22 irin wadda na fara da ita, wadda harsashinta bai kai rabin kuɗin na milimita 9 ba, ita na fi harbawa yanzu.

Abin da ya riƙe ni a harkar ke nan, kuma shi ne ya fi wuyar bayani ga wanda bai gwada ba. Mutane suna ɗauka zafin rai ke kai mutum ɗakin harbi. Mai zafin rai ba ya samun tsakiyar takarda. In na shiga da tunanin aiki ko kuɗin makarantar yara, takarda za ta tona ni a harbi uku. Sai na sauke komai, na koma ba ni da abin tunani sai ɗan yatsa da numfashi. Awa guda a haka tana wanke mini kai fiye da barcin rana.

Duniya ta ga misalin wannan a gasar Olamfik ta Faransa a 2024, lokacin da hoton wani Baturke mai furfura, Yusuf Dikeç, ya zagaye wayoyin mutane. Abokan karawarsa da gilasai na musamman da marufin ido da manyan abin toshe kunne, shi kuwa da tabaransa na yau da kullum da riga mai gajeren hannu, hannu ɗaya a aljihu, kamar wanda ya fito sayen burodi. Shi da Şevval İlayda Tarhan suka ci azurfa, lambar Olamfik ta farko da Turkiyya ta samu a harbi. Masu raha suka ce daga kan hanya aka tsinto shi. Gaskiyar ita ce a lokacin shekararsa 51, kuma tun 2008 yake zuwa Olamfik, wannan ce ta biyar. Hannu a aljihu ma ba yanga ba ce, dokar wasan ta ce da hannu ɗaya ake harbi, yawancinsu haka suke ajiye ɗayan. Bindigarsu ta iska ce, ba albarushi, tana harba ɗan ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5 daga mita 10, da'irar tsakiya mai maki goma kuwa faɗinta milimita 11.5 ne, bai kai maɓallin riga babba ba. A gasar mutum ɗaya sau 60 ake nema ka same ta.

Akwai wata gasar ta masu son gudu, wadda ƙungiyar IPSC da aka kafa a Missouri a 1976 ta shimfiɗa: ana busa ƙararrawa, ka zaro daga kube, ka bi ta lungunan katako kana harbin kwali da faranti, a raba makinka da daƙiƙoƙin da ka ɓata. A nan ne ake ganin bindigogin dala dubu biyu da dubu uku. Sau ɗaya na shiga, na zo na uku daga ƙarshe. Wanda ya zo na ƙarshe ya fi ni iya harbi nesa ba kusa ba, ɗan yatsansa ne ya shiga gidan kunama yana gudu, alƙali ya tsayar da shi ya sallame shi gida.

Sai dai ba zan yi wa mai karatu kwalliyar da na yi wa bindigata ba. Wannan abin sha'awa a kan kabari yake zaune. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, bisa alƙaluman hukumar lafiya ta CDC, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. A kisan kai ma ƙaramar bindiga ce kan gaba, ba doguwa ba. Ɗalibin da ya kashe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech a 2007, ɗaya daga bindigoginsa biyu irin tawa ce sak. Birtaniya ta bi wata hanya: bayan wani mai lasisi ya kashe yara 16 da malamarsu a makarantar firamare ta Dunblane a 1996, a shekara mai zuwa aka haramta kusan duk ƙananan bindigogi, har 'yan wasan ƙasar suka koma fita waje yin atisaye. Abokaina na ɗakin harbi suna ganin an zalunci masu bin doka. Ni ban iya cewa iyayen Dunblane sun yi kuskure ba.

Uwargida ta gindaya sharuɗɗanta tun kafin bindiga ta shigo gida. "Maigida, yara uku gare mu. In ta shigo, a kulle za ta kwana." A akwatin ƙarfe take, wanda aka ɗaure da ƙasa, harsashi a wani akwatin daban, lambar kuwa ni kaɗai na sani. In na dawo daga harbi sai na wanke hannu da ruwan sanyi da sabulu na sauya riga kafin in ɗauki ƙaramar, saboda ƙurar dalma. Doka ta ba ni damar rataya ta in shiga kasuwa, ban taɓa yi ba, ba kuma zan yi ba. Wanda ya san sau nawa ya kuskure takardar da ke tsaye cik a ɗaki mai haske, ba zai yi gaggawar yarda da hannunsa a cikin duhu da firgici ba. A akwatin dattijon nan kuwa akwai bindigogi biyu da ba nasa ba. Na wani maƙwabcinsa ne da matarsa ta rasu, ya kawo su da kansa ya ce a ajiye masa har sai ya dawo hayyacinsa. Shekara biyu ke nan bai zo karɓa ba, dattijon kuma bai tuna masa ba.

Da gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a a Yunin 2022 su nemi lasisin bindiga su kare kansu, hukumomin tsaro na tarayya kuma suka ce gwamna ba shi da wannan hurumi, Yaya ya kira ni yana neman ra'ayina, tunda na zama masani. Na ce masa, "Yaya, ni takarda nake harbi, ita kuma ba ta ramawa." Na fahimci abin da ke kai manomi ga wannan tunani, ba ni da bakin yi masa wa'azi daga Houston. Amma abin da nake yi ranar Asabar bai koya mini komai game da tare hanyar daji ba.

Tun da labari ya bazu a dangi, sau uku ana yi mini raɗa a waya cewa in cusa "ƙaramar nan" a cikin motar da za a yi lodi zuwa Legas. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Bindigar toka irin ta mafarauta tana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha, ta harbin tsuntsu da makamantanta sai da lasisin Sufeto Janar, fistol da libarba kuwa suna jeri ɗaya da bindigogin yaƙi a cikin haramtattu, ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Fitar da ita daga Amurka ba lasisi ma laifin tarayya ne, wato ɗauri biyu ke jira, ɗaya a kowane bakin teku. Mai son tsaraba daga Houston ya turo mini lambar takalminsa.